Karen da Muka Cinye

Karen da ya ciji autata na cikin gidanmu ne. Na wan mijina ne, gida ɗaya muke a Mayo Gwoi, kuma yarinyar ce ke zuba masa ragowar tuwo tun yana ɗan kwikwiyo. Lokacin ba a daɗe da mai da Jalingo babban birnin jiha ba, ko'ina ka duba gini ake yi. Mijina magini ne, ya fita da sassafe ya dawo da siminti har cikin kunne. Ni doya nake sayarwa a bakin hanya. Wan nasa, wanda yara ke ce wa Baffa, farauta yake yi da ɗan noma, shi ya sa ba ya rabuwa da kare.

Karen ya ɗan kwana biyu a ƙarƙashin rumbu, ba ya cin abinci, ba ya fitowa. Muka ce zafi ne. Ranar ina ƙofar gida ina ware doya, manya gefe ƙanana gefe, sai na ji akuyata tana ihu. Ashe ya fito ya kama ta a cinya inda take ɗaure. Yarinyar ta ruga ta kore shi, da sunansa ma ta kira shi, ya juyo ya cafke ta a ƙwauri. Kafin in iso Baffa ya ɗauki taɓaryata ya fasa masa kai.

A ƙauyenmu bayan dutse akwai yadda ake yi in kare ya ciji mutum. A kashe shi nan take, a ƙona gashinsa a danna tokar a miki, a gasa hantarsa a ba wanda aka ciza ya ci. Haka Baffa ya yi, ba wanda ya ce a'a. Yarinyar ta ci hantar tana kuka. Sauran naman kuwa mazan unguwa da ke cin kare suka taru da yamma, aka zuba barkono, aka cinye har kai. Na ji daɗi a raina cewa an yi abin da ya dace da wuri.

Ran Lahadi muka je coci tana ɗingishi. Akwai wata nas a zumuntar matanmu, tana aiki a asibiti, mace mai faɗa kamar ni. Bayan an tashi ta tare mu a ƙofa.

"Mama, me ya sami ƙafar yarinyar nan?"

"Kare ne. An yi magani."

"Ina karen?"

"An kashe shi."

"To ina kansa?"

Na ce, "An dafa."

Ta ɗora hannu biyu a ka. "Kun cinye? Har kan?"

"Maza ne suka ci. Ni ba na ci."

"Mama, karen nan shi kaɗai zai gaya mana gaskiya. Ɗaure shi ake yi a gindin bishiya, a zuba masa ido 'yan kwanaki. In ya rayu lafiya, yarinya ta tsira. In kuma an riga an kashe shi, kansa ake kaiwa a gwada. Ku kuma kun sa shaida a tukunya kun zuba masa barkono."

Ta ja ni bayan coci don kada yarinyar ta ji. Ta ce in karen mahaukaci ne, ciwon yana shiga jiki ya kwanta shiru, mako da makonni, mutum yana wasa yana dariya. Ranar da ya tashi babu magani, ko a Turai. Na ce yaya zan gane ya tashi. Ta ce, "Ruwa. Za ta ji ƙishi amma ba za ta iya haɗiya ba. Ganin ruwan ma zai firgita ta."

Ban san yadda na kai gida ba.

Allurar da ake yi babu ita a asibitinmu a lokacin. Sai da mijina ya bar aiki ya tafi Yola, ga wahalar mai, motoci a layi kamar an shuka su. Ya dawo da ita a cikin fulas da ƙanƙara, yana rungume da shi kamar jariri. Nas ta kankare tokar daga mikin da sabulu, yarinyar tana ihu, sannan aka fara allura. A ciki ake yi, kewaye da cibiya, kullum, har cikin ya kumbura ba ta iya ɗaura zani. Na tambayi nas ko mun makara. Ta ce, "Ba mu zo da wuri ba."

Daga nan na zama mai gadin randa. Da safe kafin ta wanke ido na miƙa mata moɗa. Ta sha, ni kuwa maƙogwaronta nake kallo, ya hau ya sauka. Da rana haka, da yamma haka. Har ta gaji ta ce, "Mama, ni kifi ce?" Doyata ta bushe a ɗaki, ban koma bakin hanya ba.

Lokacin ban iya karatu ba, ko sunana ban san yadda yake a takarda ba. Littafi Mai Tsarki na mijina na ɗauka na tura ƙarƙashin matashin yarinyar. Ya gani ya ce, "Maman yara, wannan ba laya ba ne, karantawa ake yi." Na ce, "To kai karanta. Ni abin da na iya ke nan." Ya bar shi a wurin, sai in zai karanta ya zaro ya mayar.

Wata Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan tsohon nan da Allah ya ce ya kai ɗansa tilo kan dutse ya yanka. Tsohon ya tashi da sassafe, ya faskara itace, ya ɗora wa yaron a ka, suka tafi. Sai da ya ɗaga wuƙa aka tsayar da shi, aka nuna masa rago a sarƙaƙiya. Fasto ya ce haka bangaskiya take, abin da Allah ya ba ka ka mayar masa ba gardama. Mata suka ce amin. Ni ban ce ba. A hanya na tambayi mijina.

"Ina uwar yaron?"

"Wace uwa?"

"Ɗan daga sama ya faɗo?"

Da muka isa gida ya zaro Littafin, ya bi da yatsa a hankali, bakinsa na motsi. Ya ce ba a ambace ta a wurin ba. "Wataƙila tana gida tana daka," in ji shi. Abin ya tsaya mini a rai. Mace tana daka, an fita da ɗanta da itace da wuƙa, ba wanda ya gaya mata. Na rasa wace ta fi wahala, ita da ba ta sani ba ko ni da na sani nake zaune. Ranar na durƙusa a bayan ɗaki na yi addu'ar da ban taɓa faɗa wa fasto ba. Na ce, "Ubangiji, ni ba tsohon nan ba ce. Ba zan kai maka ita ba. In za ka ɗauka, sai dai ka ƙwace daga hannuna."

An gama allura, mikin ya fara rufewa, har na fara tunanin ko karen zafi ne kawai ya dame shi. Sai akuyar ta fara. Ta daina cin dusa, tana kuka da wata murya kamar ba tata ba, yawu na zuba, tana tunkuyin turke har goshinta ya fashe. Muka tsaya nesa muna kallo. Kowa ya gane. Baffa ya kashe ta, wannan karon aka haƙa rami mai zurfi aka binne.

Mazan da suka ci naman hankalinsu ya tashi. Baffa ya riƙa yawo da kwanon ruwa, duk inda mutane suke sai ya kafa kai ya shanye, ya ce, "Kun gani? Lafiyata ƙalau." Na ce, "Yaya, ka bar mana ruwan randa, ba kai aka ciza ba." Nas ta ce dafaffen nama ba shi ne abin tsoro ba, haƙori ne. Haƙorin kuwa jiki biyu ya shiga, ɗaya yana cikin rami.

Matan zumunta suka zo addu'a. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce akuyar ita ce ragon da Allah ya tanada, ta tafi a madadin yarinya. Na so in yarda, Allah ya sani na so. Na kalli nas, ta sunkuyar da kai.

Bayan 'yan kwanaki, da safe na miƙa moɗa, yarinyar ta kau da kai. Jikinta zafi kamar murhu. Na ce, "Sha." Ta kurɓa kaɗan, ta yamutsa fuska, ta tofar.

"Mama, ba ya wucewa."

Moɗar ta faɗi daga hannuna. Ƙarar ce ta kawo mijina. Ya kalle ta, ya kalli ruwan a ƙasa, ya fita da gudu ba takalmi, ya tafi neman nas.

Baffa ya zo ƙofar ɗaki da igiyar da ake ɗaure akuyar nan da ita. Yana kuka, babban mutum, hawaye har gemu. Ya ce, "Matar ƙanena, ba mugunta ba ce. Na taɓa gani a ƙauye. In ciwon ya tashi ba za ta san ki ba. A ɗaure ta a gado tun ba ta ciji wani ba, akwai yara a gidan nan."

Taɓaryar tana jingine a bango, ita ce dai wadda ya kashe karen da ita. Na ɗauka na tsaya a ƙofa. Na ce, "Yaya, duk wanda ya shigo da igiyar nan, abin da ka yi wa karenka zan yi masa." Ya zauna a ƙasa a wurin, igiyar a cinyarsa.

Na koma ciki na ɗauki yarinyar na ɗora a jikina. Kanta a kan hannuna, bakinta dab da fatata, ina jin zafin numfashinta. Sai na ga hannuna yana janyewa da kansa. Tsoron 'yata nake ji, wadda na shayar. Na mayar da hannun inda yake, na danna shi a leɓenta. Duk addu'ar da na sani ta gudu daga kaina, sunan Yesu kawai nake maimaitawa. Rana ta hau, kaji suna tono a tsakar gida, wata mai tallan nono ta yi sallama ba wanda ya amsa.

Nas ta shigo da kayan aikinta a jiki. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta ɗauki mafici ta kaɗa wa yarinyar iska a fuska da ƙarfi. Yarinyar ta lumshe ido kawai, ba ta firgita ba. Nas ta ce a kawo ruwa da kwano, ta ɗaga moɗa sama tana tsiyayawa a gaban idonta, ruwan yana ƙara. Yarinyar ta bi shi da kallo tana lasar leɓe. Sannan nas ta danne harshenta da cokali ta haska tocila.

"Zo ki gani, Mama."

Can ciki ya kumbura, ja wur, da farare-farare.

"Ciwon maƙogwaro ne. Yara da yawa suna zuwa mana da shi a watan nan. Ɗumama ruwa."

Na hura wuta. Nas ta ɗebo ruwan ɗumi a cokali ta sa mata a baki. Yarinyar ta runtse ido, ta ƙanƙame zanina, maƙogwaron ya hau, ya tsaya, ya sauka. Ta buɗe ido ta ce, "Ƙara."

Daga waje na ji Baffa ya fashe da kuka sabo. Mijina ya zame jikin bango ya zauna.

Na ce wa nas, "Shi ke nan? Ta tsira?"

Ta ce, "Na yau dai ba shi ba ne."

Haka muka ci gaba. Damina ta zo kogi ya cika, ya janye, aka ci sabuwar doya, aka yi Kirsimeti, ina miƙa moɗa. Ba ranar da wani ya zo ya ce mini an gama. Sai da shekara ta zagayo nas ta ce in ƙyale yarinya ta huta. Baffa bai ƙara ajiye kare ba har ya mutu.

Sai da furfura ta cika mini kai na shiga ajin manya a coci na koyi karatu. Da na fara iya haɗa baƙaƙe, labarin tsohon nan na nema, don ban yarda mijina ya duba da kyau ba. Ya duba da kyau. Babu uwar. An tafi dutse an dawo ba a ce ta ce komai ba. Na juya gaba kaɗan, sai ga ta, mutuwarta aka rubuta da inda aka binne ta. Ba a faɗi abin da ya kashe ta ba. Na rufe Littafin na daɗe a zaune. Har yau in aka karanta wurin a coci ba na cewa amin da ƙarfi, kuma ban ga Allah ya kore ni ba.

Autar tana nan a Yelwa da mijinta da 'ya'yanta. Tabon yana ƙwaurinta. In ta zo gaishe ni, kafin ta zauna na miƙa mata ruwa. Takan karɓa ta ce, "Mama, har yanzu?"

Nakan ce, "Sha dai."