Ruwan tofi a allon makunnai

Jama'a, yau na ga ta kaina a bakin dam, wajen Rurum!

Jirgin kamun kifin yayana Sabi'u ne ɓeraye suka cinye wa wayoyi. Na sake su kaf, daga batir har fitila da famfon kwashe ruwa. Na kunna, komai ya kawo!

Ban rufe allon makunnan ba, sai ga Kawu da kwanon ruwan tofi. Na ce, "Kawu, ban da nan!" Ya ce, "Ai nan bakin mutane zai fi kamawa." Ya sheƙa!

Tartsatsi! Hayaƙi! Wayoyin suka narke.

Sabi'u ya zauna daɓas. Da me zai fita gobe?

Kawu kuwa ya ce, "Alhamdulillahi, kun ga abin ya fita."