Riƙon da Yayata Ta Yi a Deira

Mijin yayata ya rasu a ƙarshen 2016, bayan gajeriyar jinya. Mutumin Maraɗi ne, yana da ɗan ofis na tura kaya a kasuwar Murshid da ke unguwar Deira a Dubai, da sito a Al Quoz inda ake tara kayan mutane kafin a cika kwantena. Mu kuwa 'yan Kano ne. Yaya ta biyo shi Dubai tun ina sakandare. Ni daga baya na zo, na samu aikin koyar da tarihi a wata makarantar kuɗi, muna zaune a Al Qusais da maigidana.

Ɗansu namiji ɗaya ne, kuma shi ne na fari. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, ya tashi a Maraɗi cikin baffanninsa. Yaya ba ta faɗin sunansa, irin kunyar ɗan fari ta iyayenmu, "yaron nan" take ce masa. In ya bugo waya sai su gaisa, ta tambayi karatu, ta miƙa wa ƙannensa mata wayar. Iyakar hirarsu ke nan.

Da aka raba gado, ofishin ya faɗo cikin kasonsa, shi kuwa lokacin bai ma shiga jami'a ba. Babban baffansa ya zo daga Maraɗi, ya zauna a falon Yaya tana cikin takaba, ya ce, "Hajiya, kasuwar nan ta maza ce. Ki koma gida ki huta, mu riƙe wa yaro."

Yaya ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Na gode, Alhaji. Zan riƙe masa. In ya gama karatu ya zo ya karɓa a hannuna."

Baffan ya tafi ransa a ɓace. Ita kuwa ta waya ta tafiyar da ofishin har ta fita takaba, daga nan ta shiga kasuwa da ƙafarta. Ta koyi Larabcin ciniki da ɗan Turanci, har da guntun Faransanci saboda masu kawo kaya daga Nijar. Ta aurar da babbar 'yarta ga ɗan wani abokin marigayin, ta tura sauran karatu Kano wajen mahaifiyarmu. Gidan da take haya tsohon bene ne marar lif, wato na'urar hawa bene, tana hawa na uku. In na kai mata ziyara ranar Juma'a nakan tarar ta jiƙa tawul da ruwan zafi ta ɗora a gwiwa.

Da korona ta zo aka fara rufe unguwanni, maigidana ya je ya ɗauko ta, ta zauna tare da mu. Ina koyarwa ta kwamfuta daga teburin cin abinci, ita tana kan kujera tana gyaran wake. Wata safiya darasin ya faɗo kan wata sarauniya ta ƙasar Turai, ta zamanin da ake yaƙi da takobi da sulke. Da na rufe kwamfutar sai ta ce, "Wannan matar da kike ta faɗa, me ta yi? Na ji uwa, na ji ɗa, sauran ya wuce ni."

Na ba ta labarin da Hausa. 'Yar sarki ce, aka kai ta aure wata ƙasa da ba ta jin yarensu. Mijin ya mutu ya bar ɗa ƙarami, sai ta yi riƙon ƙwarya, wato ta riƙe sarautar kafin yaron ya girma. Ƙannen mijin suka taso mata, wanta da ke mulkin ƙasarsu ya aiko da dakaru, amma shi ma da nasa kwaɗayin. Ta aurar da 'ya'yanta mata gidajen sarakunan maƙwabta don a zauna lafiya, ta hana ƙasar tsagewa.

"Da yaron ya girma fa?"

Na ce fadawa suka zuga shi, ya karɓe mulki, ya tura ta wani gidan ibada mai nisa, a can ta ƙare.

"Wa ya rene shi?"

"Fadawan."

"To," in ji Yaya. Ta ci gaba da tsince wakenta. Ni kuwa na yi da-na-sanin ba ta ƙarshen, kuma tun daga ranar abin ya tsaya mini a rai.

Yaron ya gama jami'a a Yamai, ya iso Dubai a 2021, bayan an buɗe hanya. Baffan ne ya rako shi. Dogo ne kamar ubansa, ba shi da yawan magana. Ya sauka a gidan uwarsa, amma in tana falo yana ɗaki, in sun haɗu a ci abinci sai ƙarar cokali. Kullum da hantsi baffan ya zo ya ɗauke shi su fita, ba wanda ya san inda suke zuwa. Na tambayi Yaya, ta ce, "Ni ma ban tambaya ba."

Wata la'asar na sauko daga jirgin ƙasa na metro a Al Qusais, sai na hango su a tsallaken titi, shi da baffan da wani dillali ɗan Indiya, suna magana suna nuni da hannu. Ba su gan ni ba. Na ce a raina shi ke nan, ciniki ake yi, ofishin za a sayar, a sa Yaya a jirgi. Na gaya wa maigidana, ya ce in bar zargi.

Ranar Juma'a Yaya ta kira mu cin abinci bayan masallaci. Ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ban iya ci ba. Da aka kwashe kwanuka ta shiga ɗaki ta fito da makullan ofis da na sito a zare ɗaya, ta ajiye a gaban ɗanta.

"Ga amanarka. Alhaji shaida ne, ƙanwata da mijinta shaida ne."

Baffan ya gyara zama, ya ce, "Madalla. Yanzu sai Hajiya ta samu hutu, ta koma cikin dangi."

Yaron ya dubi makullan, bai taɓa su ba. Ya ce, "Baffa, ka yi haƙuri, na gaya maka tun a Maraɗi. Ni ban san ko yadda ake auna kwali ba. In Umma ta tafi, wata ɗaya ba zan yi ba."

Sannan ya juyo wajena, don har lokacin bai iya kallon uwarsa ido da ido. "Anti, ki gaya mata na samu gida kusa da naku, mai lif. Shi muke ta nema da Baffa. Ran da na iso na biyo ta a matakala, sai da ta tsaya ta huta a kowane hawa."

Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Dariya ta kama ni, hawaye kuma na zuba, har maigidana ya miƙo mini ruwa. Baffan ya ce shi ya ɗauka gidan na aure ne yaron ke nema, ya girgiza kai, daga baya shi ma ya yi murmushi.

Yaya ta ce, tana kallon tabarma, "Ki ce masa ya ɗauki na siton. Zafin Al Quoz ya ishe ni. Na ofis ya bari tukuna."

"Yana jin ki ai, Yaya."

"Ke dai ki faɗa masa."

Na faɗa masa. Ya kwance zaren da kansa, ya zare makullin sito, ya tura mata sauran da hannu biyu. Na tashi na koma kicin, na zubo tuwon da na bari ɗazu, na cinye shi tas a tsaye.

Sun tare a sabon gidan kafin shekarar ta ƙare, titi biyu tsakaninmu. Shi yake zuwa sito da sassafe, ita ta hau metro zuwa Deira in rana ta ɗan ɗaga. Baffan ya koma Maraɗi. Ba a jima ba ya bugo wa Yaya waya, wai yana da injinan ban-ruwa da yake so a sa masa a kwantena mai zuwa. Ta ce masa kwantenar ta cika, amma ya kira mai sito, wataƙila a samar masa gurbi.