Ɗigon da Auta Ta Gani

"Kwana uku, Baba! Kwana uku kana zaune a kai kamar kaza a kan ƙwai!"

"Ke, rage murya. Ni za ki koya wa kallon sama? Yaushe ma aka haife ki?"

"Ai shi ya sa na gani. Idona sabo ne."

Bulo ɗaya ne tsakanin ɗakina da falonsu, don haka har ƙarar kujerar da ya tura na ji. Mai Gilashi ne da autarsa, da hantsi, bai ko fita shago ba.

Shekara talatin yana yanka gilashin ido a wani ɗan shago kusa da tasha. Aikinsa ba shi da makusa, bakinsa ne kamar reza. Idan ka ce gilashi ya yi maka nauyi, sai ya ce hancinka ne ƙarami. Dangin matarsa kuwa baƙin rami yake kiransu, wato ramin nan na sararin sama da ko haske ya faɗa ba ya fitowa. A gabansu yake faɗa, sannan ya tsaya yi musu bayani dalla-dalla don kada zagin ya wuce su.

Abin da ya riƙe ransa wani aikin sa kai ne. Masana suna ɗora hotunan gungun taurari a intanet, kowane wuri hoto biyu, tsoho da sabo. Kai kuma ka yi ta juya su, wannan, wancan, wannan, wancan. Idan ɗigon haske ya fito inda babu shi a da, wataƙila tauraro ne ya fashe. Wanda ya fara kai rahoto, shi ake rubutawa. Shekara goma sha biyu Mai Gilashi yana juyawa, bai taɓa dacewa ba.

Ranar Litinin Auta ta kawo masa ruwa, ta leƙa ta kafaɗarsa, ta sa yatsa a kan kwamfutar. "Baba, wannan fa?" Hoto ne da shi ya riga ya duba sau huɗu ya wuce.

Ya ce datti ne. Ta goge, yana nan. Ya ce a jira a tabbatar, don ya taɓa aika rahoto aka ce masa dutse ne mai wucewa a sararin sama, ya sha kunya. Lambar sirrin shafin kuwa a kansa take, ya hana ta. Ta roƙa, ta yi fushi, ta kai ƙara wurin uwarta. Takardun neman gurbin karatun kimiyya take cikawa, kuma layi ɗaya mai sunanta a jerin masu gano irin taurarin nan zai yi mata abin da takardar yabo goma ba za su yi ba. Ya fi kowa sanin haka.

Matarsa ta ce tsoron kunya ne. Ni ban yarda ba. Mai tsoron kuskure yakan koma ya duba. Shi tun Litinin ɗin bai sake buɗe hoton ba.

Da safiyar Alhamis wani daga wata ƙasa ya kai rahoto, aka tabbatar. Faɗan da na ji ke nan.

Can ya fito da jakar aikinsa, yana kokawa da makulli. Na gaishe shi.

"Baba, na ji an riga ku. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Ya dube ni ta saman gilashinsa.

"Kunnenki dai ya fi bangon nan ƙwari." Ya ja ƙofar ta rufu. "Gara da baƙo ya ɗauka. Baƙo ba zai zauna a gidana yana kallona kullum ba."