Jar Fatar da Aka Yar a Caɓi

Jiya a kasuwa na wuce tulin ɗanyun fatu da za a kai kantin Nasara, ƙudaje sun rufe su baƙi ƙirin. Na tofar da yawu, sai Baba ya faɗo mini a rai.

Majemi ne. Har na yi aure ban daina ƙyamar kwatarniyar da yake jiƙa fata da kashin tattabara ba. Shi ko a jikinsa. Duk fatar da ya gama, sai ya goga ta a kumatu, ya yi dariya shi kaɗai, ya ce, "Yau ma mun yi abu."

Wata rana na kai masa fura, na iske wani Baturen kamfanin sayen fatu da tafintansa. Baba ya shimfiɗa musu jar fatar akuya, ta sha rinin karan dafi, laushi kamar auduga. Baturen ya toshe hanci, ya ɗaga ta da kan sanda, ya yar a caɓi. Tafintan, ɗan unguwarmu, ya ce, "Ɗanya suka so, tsoho, bar wahalad da kanka." Har da dariya. Wannan dariyar ta fi kwatarniyar tayar mini da zuciya.

Da suka tafi, Baba ya wanke ta, ya miƙo mini. "Ɗiyata, taɓa ki ji. Wagga ko ni ban taɓa yin irinta ba."

Na taɓa cike da takaici, shi kuwa fuskarsa fal murna.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya iske ladan kowane aiki da ya kyautata.