Allin da Ya Jiƙe

A shekarun da Turawa suka fara haɗa kayansu, ana ta maganar mulkin kai, idon mahaifina ya soma dushewa. Makanike ne, rumfarsa na Wunti, bayan layin teloli. Daga ni sai mahaifiyata muka sani. A gida da ƙafa yake laluben buta, amma a rumfa hannunsa ya san inda kowace sifana take, shi ya sa ba a gane ba. Ya taɓa ce mana ranar da aka gane, ranar za a daina kawo masa mota.

Ina firamare a lokacin, kuma ban iya magana a gaban maza ba. In an tashi makaranta nakan ɗauki abincinsa daga gidanmu na Ƙofar Ran in kai masa. Mutane sun ɗauka abinci kawai nake kaiwa. In rumfa ta yi shiru sai ya miƙo mini ƙarfe ya ce, "Duba mini nan," ni kuma in faɗa masa abin da na gani a hankali.

Akwai wani Alhaji mai fataucin fata da ya sayi mota a hannun wani Bature mai shirin komawa gida. Damuwarsa ɗaya ce, in motar ta kama hawan hanyar Jos sai ta yi ta nishi. A bayan motar Baturen ya bar wani kan inji na daban, wato murfin ƙarfen nan mai nauyi da ake ɗaurawa a saman inji, inda wuta ke tashi. Na jikin motar baƙin ƙarfe ne. Wannan kuwa farin alminiyom ne, an kankare fuskarsa don inji ya ƙara matsa iska ya ƙara gudu. Farin nan Alhaji yake so. Baba ya ce sai an gwada duka biyun kafin a zaɓa.

Gwajin ba wuya. A jiƙa ƙarfen da kananzir, a goge shi tas, a shafe shi da garin alli, a ɗan ƙwanƙwasa da guduma. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki zai fito ya ja layi a jikin allin. Ni nake tsinto guntayen alli a ƙarƙashin allon ajinmu.

Mun shirya mu yi gwajin mu biyu. Da na iso da langa a kaina sai na tarar da Alhaji zaune a benci, ya cire takalmi ɗaya yana kaɗa ƙafa.

"Ga 'yar boko," in ji shi. "Me aka koya muku yau, ko dai tsalle-tsalle?"

Na durƙusa na gaishe shi. Baba ya karɓi allin, ya daka shi a kan dutse, ya shafe kawunan injin biyu, waɗanda ya riga ya jiƙa da kananzir ya goge. Ya ƙwanƙwasa baƙin, ya ƙwanƙwasa farin, sannan ya sunkuya yana kallo kamar mai gani.

"Malam, ka san ni," in ji Alhaji. "Farin nan nake so. Na gaji da manyan motoci suna wuce ni a tudu, karen mota yana ɗaga mini hannu."

"Za a yi, Alhaji. A bari ya ɗan jima."

Ina tsugune kusa da langa ina kallo. Allin jikin baƙin ya tsaya fari fat. A jikin farin kuwa, tsakanin ramukan tsakiya guda biyu, wani layi ya fara fitowa, siriri kamar gashin gira. Na ƙifta ido ko zai tafi. Bai tafi ba, sai ma ya ƙara duhu.

Baba ya taɓa faɗa mini abin da irin wannan tsagar take yi. Ruwa ya haɗu da wuta, inji ya ƙone a tsakiyar tudu, a tambayi wa ya ɗaura. In na yi shiru, haka za ta faru. In na yi magana, Alhaji zai ji yarinya ta ga abin da makanike bai gani ba.

Baba ya miƙe ya kakkaɓe hannu. "To, Alhaji, duka biyun..."

"Baba," na ce, "alli ya jiƙe."

Ya tsaya. "Na gani, ai shi zan faɗa." Ya sunkuya ya ɗora yatsa a kan ƙarfen. "Ga ta nan."

Yatsan ya sauka a ramin gefe, inda allin yake bushe ƙamas. Layin yana can tsakiya.

Alhaji ya daina kaɗa ƙafa. Ya dubi yatsan, ya dubi layin, sannan ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon idon Baba. Ni kuma na kafa ido a kan takalminsa da ke ƙasa, ina jira.

"A bar baƙin," in ji Alhaji. "A ɗan kankare shi, in zai yiwu." Ya sa takalminsa. Da ya kai bakin rumfa ya juyo. "Malam, ranar da za ka ɗaura, a bari sai an tashi makaranta."

Baba ya zauna a bencin da Alhaji ya tashi, bai buɗe langar ba.

An ɗaura baƙin ina tsaye a wurin, motar kuma ta ɗan ƙara ƙarfi a tudu. Ban taɓa jin Alhaji ya faɗa wa kowa ba. Amma daga ranar duk wanda ya shigo rumfa sai in bi fuskarsa da kallo, ko ya ji. Da farin kan injin Baba ya riƙa tokare ƙofar rumfa, allin bai gama fita daga jikinsa ba, kuma kullum na zo da abinci sai na tsallake shi.