Bindigar da Yaya Habu bai harba ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Habu, Allah ya jiƙansa. Injiniyan hanya ne a Birmingham, ni kuma ƙanwarsa Asabe, ma'aikaciyar jinya a Manchester. Duk shekara nakan ɗauki biro in ajiye, ina jiran ranar da zuciyata za ta yi sanyi. Ba ta yi ba, kuma na gaji da jira.

Mahaifinmu maharbi ne a ƙasar Ningi, da naman gwanki ya yi wahalarmu. Yaya ya yi boko har ya zo Ingila, amma daji bai fita daga ransa ba. Ya daɗe yana neman lasisin bindiga: takardu, masu tsaya masa, 'yan sanda su zo su jijjiga akwatin ƙarfen da ya kafe a bangon gidansa na Sparkbrook. Da ya samu, duk kaka yakan hau Scotland, ya yi bisimilla ya harbi barewa, ya dawo ya bi maƙwabta da nama gida gida. Rabona yakan iso unguwarmu ta Longsight a cikin kula.

Babban burinsa shi ne moose, wata dabbar dajin Suwidin da ta fi doki tsawo, ƙahonta faffaɗa kamar an buɗe tafin hannu. In ya zo mini ziyara, tuwo yana hucewa yana mini bayanin harsashi.

"Wanda nake harbin barewa da shi ya yi ƙanƙanta, Asabe. Zai tsaya a ƙashin kafaɗa, dabba ta gudu da rauni ta kwana uku tana shan wuya. Na giwa kuma dukan da yake wa mai harbi sai ya sa mutum ya runtse ido kafin ya ja kunama. Matsakaici ake so."

Ya tsaya a kan mai kaurin milimita tara da ɗigo uku. Sai da ya shekara yana musayar wasiƙu kafin a ƙara masa bindigar wannan harsashi a lasisi. Ranar da ya karɓo bindigar ya kira ni yana dariya irin wadda rabona da jin ta tun muna gida.

A cikin shekarar gwamnati ta ƙara tsuke bakin aljihu. Aikin hanya ya ja baya, kamfaninsu ya sallami rabin ma'aikata, har da shi, yana da shekara hamsin da biyu. Ya nemi aiki har ya daina faɗa mana inda ya nema. Barci ya ƙaurace masa, ya daina fita masallaci. Matarsa Hajara ce ta kira ni. Na hau jirgin ƙasa na same shi a falo da rana tsaka, labule a sake.

Na ce, "Yaya, ka je wajen GP, likitan unguwarku, ka faɗa masa komai."

Ya ce, "In na faɗa, kin san abin da zai biyo baya."

Na ce masa babu abin da zai biyo baya, magana ce tsakaninsa da likita. Na faɗa da muryar ma'aikaciyar asibiti, alhali ban bincika ba. Ya yarda da ni ya je.

An ba shi ƙwayoyi, aka sa sunansa a layin masu jiran ganin likitan damuwa. Ba a yi wata guda ba 'yan sanda biyu suka ƙwanƙwasa ƙofa, don bisa doka likita kan sanar da su in mai lasisin bindiga ya kamu da ciwon damuwa. Da ladabi suka zo, har takalma suka cire. Suka fita da bindigogi biyu da kwalayen harsasan da ko buɗe su bai yi ba, maƙwabta suna leƙe. A unguwa irin Sparkbrook, in aka ga 'yan sanda sun fito da bindiga daga gidan Musulmi, ba farauta mutane suke tunani ba. Waɗanda suka ci namansa suka koma gaishe shi daga tsallaken titi.

Ban ga laifin 'yan sandan ba. Na yi aikin asibiti, na san dalilin dokar. Abin da yake ci mini rai shi ne an samu ma'aikatan da za su zo su ɗauke masa abin da ya rage masa cikin sati uku, amma wanda zai zauna da shi awa ɗaya ya saurare shi, an ce babu, an rage su. Ya yi jira fiye da shekara.

Daga nan bai ƙara taka ƙofar likita ba. Ƙirji ya soma masa ciwo, ya ce wa Hajara ƙwannafi ne. Da na yi masa magana ya ce, "Bari kawai, Asabe. Kin yi aikinki." Bai taɓa faɗa mini abin da ya fi wannan zafi ba. Wata safiya ya sa kwat zai je ganawar neman aiki, ya faɗi a tashar bas a Stratford Road. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Ina tunanin abin da zai ce da zai ga yau. Hanyoyin da ya auna da hannunsa duk ramuka. Masallacin unguwarsu yana raba buhunan abinci ga magidanta masu aikin yi. Mutane suna riƙe da waya tun ƙarfe takwas na safe suna roƙon ganin GP. Na san ba zai yi surutu ba. Zai ce wanda duk ya tsara wannan bai taɓa tsayawa ya kalli abin da ya raunata ba.

Me ya rage? Suwidin bai je ba. Akwatin ƙarfen yana nan, Hajara tana ajiye takardun gida a ciki. Wasu daga cikin masu gaisuwar nesa sun zo jana'iza sun yabi halinsa. Ni kuma ya bar mini wata ɗabi'a: duk magidancin da ya ce mini lafiya lau a asibiti, sai na ja kujera na sake tambayarsa.

Na sha komawa falon nan a raina. Da za a mayar da ni ranar, zan sake cewa ya je wajen likita, don ban san wata hanyar ba. Amma ba zan ce masa babu abin da zai biyo baya ba.