Kwalayen da Inna Ta Kwashe

Inna ta zo Amurka ne don ta yi mini wankan jego. Haihuwata ta fari ce, ni ce kuma 'yarta ta fari, don haka ko sunana ba ta kamawa, sai dai "ke" ko "'yar nan". Ta sauka da ƙullin kanwa da yajin jego da daddawa, waɗanda har yau ban san yadda suka wuce masu bincike a filin jirgi ba. Turanci kuwa ko kalma ɗaya ba ta ji, kuma ba ta ga dalilin koyo ba.

A lokacin muna zaune a wani ɗan ƙaramin gari a bakin tekun Chesapeake. Da a Lanham muke, cikin 'yan'uwa, inda ba ka rasa wanda zai amsa maka sallama. Sai aka fasa mana gilashin mota, aka gyara, aka sake fasawa. Maigidana ya yi zuciya, ya zauna yana lalube a intanet, yana neman garin da ba a cika sata ba, har ya samo wannan. Ya nuna mini a waya yana murna, wai shekara kan ƙare ba a yi fashi ba. Ni ban so ba, amma da ciki a jikina, na bi shi. Matan unguwarmu ta da suka yi ta tsokanata, wai zan je in zauna da ƙaguwa da tsofaffin Turawa. Gaskiyarsu ce, abin da ke garin ke nan: masu kamun ƙaguwa, da kwale-kwale, da tsofaffin da suka bar aiki suna yawo da karnuka. Layinmu yana dab da ruwa. Idan aka yi ruwan sama ya haɗu da cikar teku, ruwa kan hau titi har ya taɓa matakalar gidaje.

Ba a daɗe da tarewarmu ba garin ya fara lalacewa da sata. Kwalayen saƙon da motoci ke ajiye wa mutane a baranda suka riƙa ɓacewa. Aka kwance injin kwale-kwalen wani a tashar ruwa. Mutanen da suke alfahari ba su taɓa kulle ƙofa ba suka koma sayen makulli da ƙararrawar ƙofa mai kamara. Aka buɗe guruf na unguwa a waya, kowa ya ga baƙuwar mota sai ya ɗora hotonta. Ni ma ina ciki. An sace mini kwalin kayan jariri, na yi ta Allah ya isa, ina roƙon Allah ya tona asirin ɓarawon a gaban kowa.

Hutun haihuwa a ƙasar nan ba ya kai wa ko'ina. Ina gama arba'in na koma aiki a gidan kula da tsofaffi da ke Lanham, na bar Inna da jaririya. Maigida direban babbar mota ne, sai ya yi kwanaki ba ya gida. Kullum kafin in fita sai na yi wa Inna huɗuba: kada ki buɗe wa kowa, kada ki fita, ki ajiye waya kusa. Ita kuma sai ta ce, "To, uwata, na ji." Ko a jikinta.

Ranar da abin ya faru, tun hantsi hadari ya haɗu, zuwa azahar aka tsuge da ruwa. Ina zaune a ɗakin cin abincin ma'aikata sai wayata ta yi ta ƙara ba tsayawa. Guruf ɗin unguwa ne. Wani ya ɗora bidiyo, ya rubuta cewa yau dai an ga fuskar ɓarauniyar. Har na yi hamdala kafin in buɗe.

Wata mata ce cikin dogon hijabi ruwan toka, bayanta ya yi tudu. Ta hau matakala, ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta saurara, ta sake ƙwanƙwasawa, ta leƙa ta taga. Sannan ta duƙa ta ɗauki kwalin da ke ƙasa, ta cusa shi cikin hijabi, ta sauka da sauri. Ni na sayi hijabin nan a wani shago a Beltsville.

Na san abin da Inna ta yi tun kafin in gama kallo. A gida idan hadari ya taso, maƙwabciyarki ba ta nan, ke za ki kwashe mata shanya, ki tattare mata gero ko barkonon da ta baza, ki shigar ɗakinki har ta dawo. Wadda ta ga kayan maƙwabta na jiƙa ta kau da kai, ita ce ake zagi. Ƙwanƙwasawar nan sallama ce take yi. Tudun da ke bayanta kuwa 'yata ce a goye.

Su ba haka suka gani ba. A ƙarƙashin bidiyon wata ta rubuta cewa dubi yadda take tabbatar da babu kowa a gidan. Wani ya ce ga buhun kayan sata nan a bayanta. Gidaje biyu suka ƙara ɗora nasu bidiyon. Wani ya ce ya san gidan da take shiga, ya kuma riga ya kira 'yan sanda. Mutumin da ke ƙarshen layinmu, mai ƙatuwar tuta a ƙofar gida, ya rubuta cewa ta gwada hawa barandarsa, a shirye yake. Kowa a garin ya san yana da bindigogi, shi da kansa yake faɗa.

Na kira Inna, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na san tana can ƙarƙashin matashin kai inda take ajiye ta. Na rubuta a guruf cewa mahaifiyata ce, ruwa ta gudar wa kayan, babu abin da za a rasa. Wata ta amsa da cewa ai kowane ɓarawo da labarinsa. Na ji kamar in yi jifa da wayar.

Abokiyar aikina, wata dattijuwa 'yar Kumasi da muke Hausa da ita, ta karɓi wayar ta duba, ta ce, "Je ki, ni zan riƙe miki shif ɗin. Amma ki kira polis ɗin da kanki tun kina hanya. Ki gaya musu akwai yaro a bayanta. Kin san hannun mai goyo."

Sai da na shiga mota na gane abin da take nufi. Mai goyo ba ta minti biyar ba ta kai hannu baya ba, ko ta gyara majanyi, ko ta jijjiga yaro. A ƙarƙashin hijabi, a gaban ɗan sandan da aka gaya wa ɓarauniya ce, wannan hannun kaɗai ya isa ya zaci makami za ta zaro.

Na kira ofishin 'yan sandan gunduma ina tuƙi. Matar da ta ɗauka ta saurare ni cikin sanyin murya. Na ce mata tsohuwa ce, ba ta jin Turanci, akwai jaririya ɗaure a bayanta, idan ta kai hannu baya yarinyar take taɓawa. Na maimaita har ta ce ta rubuta. Na tambaye ta ko wanda aka tura zai samu saƙon kafin ya isa. Ta ce za ta yi ƙoƙari. Ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, motoci na rarrafe a babban titi, ni kuwa ba abin da bakina ke iya faɗa sai Hasbunallahu. Na kira maigida, yana wata jiha mai nisa, ya yi ta cewa in kwantar da hankalina, na kashe wayar don kada in faɗa masa maganar da ba za ta gyaru ba a kan garinsa mai zaman lafiya.

Da na iso, ruwan teku ya riga ya shanye bakin layinmu. Na bar motar a kan tudu, na shiga ruwan da takalman aiki, yana kai mini ƙwauri. Daga nesa na hango fitilar motar 'yan sanda a ƙofar gidanmu. Maƙwabta sun fito barandunansu, wasu da laima a bakin titi, wayoyi a sama. Mai tuta yana tsaye a gefe, hannuwansa cikin aljihun rigar ruwa.

Inna ta buɗe ƙofa. Tana tsaye a bakin ƙofar, ɗan sandan yana ƙasan matakala, wani saurayi ja, ruwa na ɗiga daga hularsa. Yana ɗaga murya yana cewa ta fito da hannuwanta waje. Ita kuma tana ce masa da Hausa, "Haba yaro, shigo daga ciki mana, ruwa na dukanka." Sai jaririya ta tsala kuka. Na ga kafaɗar Inna ta motsa, hannunta ya tafi baya a cikin hijabi. Na ga hannun ɗan sandan ya sauka ƙugunsa, inda bindigarsa take.

"Inna, kada ki motsa!"

Tunda nake ban taɓa yi mata tsawa ba. Ta tsaya cak, tana kallona kamar ba ta san ni ba. Na ɗaga hannuwana sama, ina tafe ina gaya wa ɗan sandan da Turanci cewa jaririya ce, 'yata ce, ya saurari kukan. Na ce wa Inna ta fito da hannuwanta a hankali ta buɗe tafukan. Ta yi. Na hau matakalar na ɗage gefen hijabin, ƙafar yarinyar ta bayyana cikin jar safa. Ɗan sandan ya sauke numfashi, ya janye hannunsa. Daga baya ya ce saƙona bai iso shi ba.

Muka shiga falo. Inna ta jera kwalayen a jikin bango, a kan tabarmar sallarta, ta lulluɓe su da zani. Ba ta iya karanta sunayen da ke jiki ba, sai ta jera su yadda gidajen suke a jere: na mai kare, na mai shuɗiyar ƙofa, na ma'auratan da ba sa gaisuwa. Ko ɗaya ba a buɗe ba, ko ɗaya bai jiƙe ba. Ɗan sandan ya daɗe yana dubansu. Sannan ya nemi fasfonta, ya rubuta abin da zai rubuta, ya fita ya tambayi masu kayan ko za su shigar da ƙara. Ina jin mai tuta yana cewa a bincike gidan duka, ai an daɗe ana sata. Ɗan sandan ya ce masa an fara satar tun kafin matar ta shigo ƙasar. Masu kayan suka karɓi kwalayensu daga hannunsa. Tsohuwar da gidanta ke kallon namu, mai kare, ta ɗan ɗaga mini hannu ba tare da ta haɗa ido da ni ba. Sauran ko haka ba su yi ba.

Kafin ya tafi ya ce in fassara wa Inna: ba za a kama ta ba, amma idan ta sake taka barandar wani, laifi ne, kuma yana iya shafar takardunta na zama a ƙasar. Na juya na ce mata, "Ya ce an gode, amma nan gaba ki bar musu kayansu, su haka suke so."

Motar 'yan sandan ta bar layin. Inna ta kwance goyon, ta miƙo mini yarinyar, ta zauna a bakin kujera.

"Ke, maganarsa ta fi haka tsawo," ta ce. "Ɓarauniya suka ce, ko?"

Na so in yi mata ƙarya, bakina ya ƙi.

"Ni?" ta ce a hankali. Ta dubi tafukan hannunta. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi.

Satar ba ta tsaya ba, kuma ban ji an kama kowa ba. Bidiyon ya zauna a guruf, ba wanda ya goge. Inna ta daina fita ko shan iska. Ta ci gaba da dama mini kunun kanwa, tana yi wa jikarta waƙa, amma tsokanar nan tata ta "uwata" ta ɗauke, kuma na ji zafin hakan fiye da yadda na zata.

Makonni kaɗan bayan haka, ranar hutuna, aka sake yin ruwa da cikar teku. Na fito daga kicin na tarar da Inna tsaye a taga, ta ɗage labule. A barandar tsohuwa mai kare akwai wani ɗan kwali, motarta ba ta nan. Na san irin kwalin, na magani ne, a wajen aiki kullum ina buɗe irinsa. Na tura mata saƙo a waya, ba ta gani ba. Ruwa ya hau matakala ta farko, ya hau ta biyu. Iska na watsa ruwan sama a barandar, kwalin ya yi duhu, gefensa ya lotsa.

"Ba za ki je ba?" Inna ta tambaya, idonta a waje.

Tsallaka titi ne kawai. Na dubi ɗan baƙin idon kamarar da ke jikin ƙofar matar, na dubi gidan mai tuta. Na ce, "Na tura mata saƙo, Inna."

Ta jinjina kai. Muka tsaya tare muna kallo har ruwan ya ɗaga kwalin, ya juya shi, ya tafi da shi ƙarƙashin baranda. Sannan ta saki labulen.

"Idan mijinki ya dawo," ta ce, "ya matso mini da ranar tafiya."